Nauyin bakin tirela a bayan Ram 2500: nawa ya kamata ya zama, kuma ina zai sauka?

Sani_Columbus

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna jan kaya da manyan motocin a-kori-kura a nan Amurka. Ina da Ram 2500 mai injin dizal na Cummins, mai ƙofa huɗu da dogon bodi, kuma sana'ata ita ce kwaso motocin gwanjo daga Ohio da Pennsylvania in kai su tashar jiragen ruwa ta Baltimore, inda ake loda su zuwa Kwatano da Legas. Tirelar da nake ja mai cin mota biyu ce, irin wadda ake ɗora bakinta a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, kuma takardar jikinta ta ce iyakar nauyinta har da kaya laba 14,000 ne.

Damuwata ita ce, idan na matso da motocin gaba, bayan motata yana zaunawa, hancinta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Idan kuma na ja su baya, motar takan miƙe ta yi kyau a ido, amma da zarar na haura mil 60 a awa sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya, musamman idan babbar mota ta gifta ni. Wanda ya sayar mini da tirelar ya ce motar da aka rubuta mata jan kusan laba 17,000 ba ta buƙatar mahaɗi mai raba nauyi, wato mahaɗin mota da tirela mai sandunan ƙarfe da ke mayar da wani nauyi zuwa tayoyin gaba. Shin gaskiya ne? Kuma nawa ya kamata nauyin bakin tirelar ya zama?

Baba_Idi_Houston

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kafin a shiga batun mahaɗi, ina roƙonka kada ka sake hawa babban titi da motocin nan a ja da baya. A cikin matsaloli biyun da ka kawo, zaman bayan mota yana da magani, amma kaɗa wutsiya shi ne mai kifar da mota. Ƙa'idar da kamfanonin motoci suka yi tarayya a kanta ita ce, nauyin da bakin tirela yake dannawa a kan ƙwallo ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar gaba ɗaya da kayanta. Idan tirelarka da motoci biyun sun kai laba 12,000, to bakin zai faɗa tsakanin laba 1,200 da 1,800. Wannan nauyi dole ya sa bayan mota ya ɗan zauna, kuma don haka aka yi masa sifirin. Miƙewar da kake gani idan ka ja motocin baya ita ce alamar cewa bakin ya yi rashin nauyi.

Injiniya_Bala

Ina goyon bayan Baba Idi, kuma zan ƙara bayani a kan abin da ke sa sitiyarin yin sakayau, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ƙwallon da bakin tirela yake zama a kansa ba a saman tayoyin baya yake ba, yana can baya da su da kimanin inci 60 a irin motarka. Tsakanin tayoyin gaba da na baya kuwa, a Ram mai ƙofa huɗu da dogon bodi, inci 169 ne. Saboda haka tayoyin baya sun zama madogara: duk abin da aka danna a ƙwallo, kimanin kashi ɗaya cikin uku nasa ake ɗaukewa daga tayoyin gaba a mayar da shi baya. Idan bakin tirela ya danna laba 1,500, gaba zai rasa sama da laba 500, baya kuma zai ɗauki sama da laba 2,000, wato laba 1,500 na tirelar da kuma wanda aka ƙwace daga gaba.

Tayoyin gaba su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Idan nauyin da ke danna su a kwalta ya ragu, riƙonsu yana raguwa, kuma a ruwan sama ko ƙanƙara ake fi gane haka. Abin da mahaɗi mai raba nauyi yake yi shi ne, sandunan ƙarfensa biyu suna murɗa firam ɗin mota su mayar da wani ɓangare na nauyin zuwa tayoyin gaba, wani ɗan ɓangare kuma zuwa tayoyin tirela. Ba ya rage nauyin bakin tirelar, ba ya kuma ƙara wa mota ƙarfin ɗauka.

Dan_Damagaram_Bronx

Da girmamawa, Injiniya, ni na daɗe ina jan irin wannan tirela da Ford F-350 ba tare da sandunan nan ba, kuma ban taɓa jin sitiyarina ya sake ba. Injin dizal yana da nauyi ƙwarai a kan tayoyin gaba, rasa laba 500 ba zai sa su tashi ba. A ganina mai tirelar bai faɗi abin da ba shi ne ba.

Nura_Direban_Tirela

Malam Sani, mu da muke tuƙa manyan tireloli ba ma gardama a kan nauyi, sikeli muke hawa. Dokar tarayya ta ba mu laba 80,000 gaba ɗaya da laba 34,000 a kan tagwayen aksil, kuma mutum yana iya kasancewa ƙasa da 80,000 amma a ci shi tara saboda aksil ɗaya ya wuce iyaka. Haka lamarinka yake, sai dai a ƙaramin mizani.

Ka je duk wata babbar tashar man manyan motoci mai sikelin auna motoci na kamfanin CAT Scale. Sikelin faranti uku ne a jere. Ka ɗora tayoyin gaba a faranti na farko, tayoyin baya a na biyu, tayoyin tirela a na uku, da lodinka kamar yadda kake tafiya da shi, kai ma kana zaune a ciki, tanki cike da mai. Ka karɓi takarda. Sannan ka sauke tirelar a wurin ajiye motoci, ka dawo ka auna motar ita kaɗai. Ka haɗa gaba da baya a awon farko, ka cire jimillar awo na biyu, abin da ya rage shi ne nauyin bakin tirela. Ka haɗa shi da abin da faranti na uku ya nuna, ka samu cikakken nauyin tirelar. Sake awo a sikeli ɗaya cikin awa 24 yana da rangwame. Ka kawo mana lambobin, a nan ne za a yi magana mai tushe.

Injiniya_Bala

Ƙari a kan na Malam Nura: ka buɗe ƙofar direba ka karanto mana takardun da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar. Muna son GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta. GAWR na gaba da na baya, wato iyakar abin da kowane aksil zai ɗauka. Sai kuma layin da ya faɗi iyakar nauyin mutane da kaya.

Sani_Columbus

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba ƙofar. GVWR laba 10,000 ne, aksil na baya laba 6,000, nauyin mutane da kaya kuma laba 2,150. Wannan na ƙarshen ya ba ni mamaki, domin na ɗauka mota irin wannan za ta ɗauki fiye da haka. Ina da lodi ranar Alhamis, Camry da Highlander, kuma in sha Allahu zan bi ta sikeli kafin in hau babban titi.

Baba_Idi_Houston

Abin da ya cinye maka nauyin ɗauka shi ne injin dizal ɗin, wanda ya fi na fetur nauyi da laba ɗaruruwa, sai ƙofa huɗu, da dogon bodi, da giyar da ke jan tayoyi huɗu idan motarka tana da ita. Duk waɗannan daga cikin laba 10,000 ɗin ake cire su. Shi ya sa a motocin ajin 2500 masu dizal kusan kullum nauyin ɗauka ne yake ƙarewa tun kafin a kusanci nauyin ja. Kai kanka, da akwatin kayan aiki, da sarƙoƙi, da shi kansa ƙarfen mahaɗin, da nauyin bakin tirela, duk a cikin laba 2,150 ɗin nan za su shiga.

Ummu_Hanifa_Dallas

Assalamu alaikum. Tawa tirelar ba ta motoci ba ce, ta sayar da abinci ce, maigidana yake ja mana ita da Silverado 2500HD zuwa wuraren taro, amma abin da Baba Idi ya faɗa mun gan shi da idonmu. Wanda ya ƙera mana ita ya ɗora janareta a kan wani ƙarfe da ya fito a can bayanta, tankin ruwa mai tsafta kuma yana gaban tayoyi, na ruwan wanke-wanke yana bayansu. Da safe tirelar takan bi mota lafiya. Da dare, bayan ruwan gaba ya koma tankin baya, sai ta fara lilo a hanyar gida, alhali jimillar nauyinta ba ta canza sosai ba. Galan ɗaya na ruwa ya ɗan haura laba 8, don haka galan 40 ya wuce laba 330 da suka tashi daga gaba suka koma baya. Da muka mayar da janaretan kan bakin tirelar, muka kuma riƙa zubar da ruwan baya a wurin da aka tanada kafin mu kama hanya, lilon ya daina. Na kawo wannan ne don Malam Sani ya san cewa awo ɗaya ba zai wadatar da kowane lodi ba.

Auwal_Hamburg

Ina da tambaya ga Injiniya. A nan Turai ba ma kai kashi 10 ɗin nan. Masu jan gidan tafi-da-gidanka sukan tsaya tsakanin kashi 4 zuwa 7, kuma ƙananan motoci ne suke ja. Idan kashi 7 yana da haɗari a Ohio, me ya hana shi zama haɗari a Jamus?

Injiniya_Bala

Tambaya mai kyau, Malam Auwal, kuma amsarta tana cikin gudu. Kowace tirela tana da wani gudun da idan aka wuce shi, ƙaramar girgiza ba ta mutuwa da kanta, sai dai ta ƙaru. Yawan nauyin baki yana ɗaga wannan iyaka, ƙarancinsa yana saukar da ita. A Jamus mai jan tirela yana tsayawa a kilomita 80 a awa, sai wanda ya cika sharuɗɗa ya samu izinin kilomita 100. A Ingila iyakar mil 60 ce a babban titi. A Amurka kuwa akwai jihohin da mai jan tirela yake bin mil 70 ko fiye, a tsakiyar manyan motocin da iskarsu take tura shi gefe. Ga kuma bambancin tsayi: tirelar mota biyu ta haura ƙafa 30, kuma nauyinta a baje yake tun daga gaba har ƙarshe, wanda hakan yake sa idan ta fara juyawa ta yi wuyar tsayawa. Malam Sani da kansa ya ce matsalar tana farawa ne bayan mil 60, kuma wannan ya dace da lissafin.

Game da laba 17,000 da mai tirelar ya kafa hujja da shi, ana fitar da wannan adadi ne ta ma'aunin SAE J2807, wato ƙa'idar gwajin ƙarfin ja ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE. Gwaji ne na gaske, har da hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona cikin zafin da bai gaza digiri 100 a ma'aunin Fahrenheit ba, da na'urar sanyaya mota a kunne. Amma ana yin lissafin ne da direba da fasinja ɗaya masu laba 150 kowannensu, da nauyin baki na kashi 10 kacal, ba tare da akwatin kayan aiki ko wani abu a bodi ba. Adadin yana gaya maka abin da inji da giya da birki za su iya, ba ya gaya maka abin da ya rage a takardar ƙofarka.

Garba_Makanike_Atlanta

Malam Sani, idan zaman bayan mota ne yake damunka, ka sa mata jakunkunan iska a kan aksil na baya. Ina sa wa masu irin aikinka, aikin rabin yini ne. Ka ba su iska, mota ta miƙe, fitilunka su daina haska idon masu tahowa.

Baba_Idi_Houston

Malam Garba, jakar iska tana da amfaninta, kuma batun fitila da ka kawo gaskiya ne. Amma a gaya wa Malam Sani iyakarta. Tana ɗaga bodi ne daga kan aksil na baya, nauyin kuma yana nan a kan wannan aksil ɗin da tayoyinsa. Ka hau sikeli da iska da kuma babu iska, tayoyin gaba kusan abu ɗaya za su nuna. Abin da nake tsoro da ita shi ne takan ɓoye alamar da ido yake gani, mutum ya ga mota a miƙe ya ƙara lodi.

Garba_Makanike_Atlanta

Na yarda ba ta mayar da nauyi gaba, Baba, kuma ban ce tana ƙara GVWR ba. Amma Ram 2500 tun daga ƙirar 2014 sifirin mai murɗi ne a bayanta, ba mai falle-falle irin na 3500 ba, kuma jakar iska tana rage mata sukuwar da take yi idan aka taka mahaɗar gada da lodi. Ana iya haɗa ta da sandunan, matuƙar an fara ba ta iska kafin a daidaita su.

Sani_Columbus

'Yan'uwa, ga sakamakon sikeli. Na loda motocin a inda na saba ajiye su idan ina son bayan mota ya miƙe, na tafi a hankali ta cikin gari. Mota ita kaɗai da ni a ciki: gaba laba 4,960, baya 3,300. Da tirela: gaba 4,660, baya 4,460, tayoyin tirela 11,400.

Nura_Direban_Tirela

To, ga lissafin. Motar ita kaɗai laba 8,260 ce, da tirela kuma 9,120, saboda haka nauyin baki laba 860 ne. Cikakken nauyin tirelar 12,260. Laba 860 a cikin 12,260 kashi 7 ne cikin ɗari. Wannan shi ne dalilin kaɗa wutsiyar, babu wani ɓoyayyen abu. Kashi 10 zai zama laba 1,226, kashi 15 kuma 1,839. Amma ka lura da ɗaya gefen: daga 8,260 zuwa 10,000 laba 1,740 ne kawai suka rage maka, don haka ba za ka iya kaiwa kashi 15 ba tare da ka wuce GVWR ba. Filin da kake da shi yana tsakanin laba 1,230 da 1,740, kuma ni da zan nufi kashi 12 ko 13.

Hamza_Baltimore

Ni ma aikin tashar jiragen nake yi, kuma abin da ya fi taimaka mini shi ne tsarin lodi. Mota mafi nauyi ita ce take shiga gaba, wato Highlander a lodinka, Camry ta biyo baya. Motocin nan nauyinsu ya fi yawa a wajen inji, saboda haka fuskar da mota ta kalla tana canza lissafi. Wadda ke baya, idan hancinta yana kallon gaba, injinta yana kusa da tayoyin tirela, kuma haka ake so. Idan aka shigar da ita da baya, injin zai koma can ƙarshen tirela, inda ya fi ko'ina illa. Matsar da mota inci 6 kawai yana iya canza nauyin baki da abin da za ka gani a sikeli. Idan ka samu wurin da ya dace, ka shafa fenti a daɓen tirelar daidai inda tayar gaba ta tsaya, layi ɗaya na ƙananan motoci, wani na manya. Sannan ka duba tsayin ƙwallonka bayan an yi lodi, tirelar ta kwanta daidai, don aksil biyun su raba nauyin tsakaninsu.

Dan_Damagaram_Bronx

Tun da sana'a ce, me zai hana ka sayar da wannan tirelar ka sayi guznek, wato tirela mai dogon wuya da ke miƙowa kan bodin mota? Ƙwallonta a cikin bodi yake, daidai saman aksil na baya ko ɗan gaba da shi kaɗan, don haka babu abin da ake ƙwacewa daga tayoyin gaba, kuma ba kasafai take kaɗa wutsiya ba. Duk wannan magana ta sanduna sai ta ƙare.

Injiniya_Bala

Game da natsuwa a hanya, maganarka haka take, ɗan'uwa. Amma guznek tana ɗora kashi 15 zuwa 25 na nauyinta a kan mota, kuma ita kanta ta fi nauyi. A ce lodi ya zama laba 13,000: kashi 15 laba 1,950 ne, kashi 20 kuma 2,600, alhali laba 1,740 suka rage masa. Shawarar guznek a nan shawarar canza mota ce zuwa ajin 3500, irin F-350 ɗinka.

Nura_Direban_Tirela

Canza motar kuma yana jawo batun lasisi. Idan GVWR na mota da na tirela suka haɗu suka kai laba 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, ana buƙatar lasisin tuƙin manyan motoci, wato CDL na ajin A, don aikin kasuwanci. Yanzu Malam Sani yana kan 24,000. Mota 3500 mai tagwayen tayoyin baya da aka rubuta wa 14,000 za ta kai shi 28,000 da wannan tirelar. Mai taya ɗaiɗai, sai ya duba kada takardar ƙofarta ta wuce 12,000. Ko a yanzu ma, tun da yana ƙetare jihohi da kayan kasuwanci kuma mota da tirela a haɗe sun haura laba 10,000, dokokin FMCSA, hukumar tarayya mai kula da lafiyar motocin kasuwanci, da lambar rajista ta ma'aikatar sufuri, wato USDOT, suna kansa, kuma jami'in da ya tsayar da shi zai iya duba takardar ƙofa da abin da aka rubuta a jikin taya.

Abban_Khadija_Kaduna

Assalamu alaikum manyanmu. Ina bibiyar wannan tattaunawa daga Kaduna. Mu Hilux muke amfani da ita wajen jan ƙaramar tirelar janareta da ta tankin ruwa zuwa gona, kuma masu walda ne suke ƙera mana tirelolin, sau da yawa su sa taya a tsakiya cif don mutum ɗaya ya iya ɗaga bakin da hannu. Yanzu na gane cewa wannan sauƙin ɗagawar shi ne matsalar. Duk wanda ya taɓa loda amalanken jaki ya san idan buhuna suka yi baya, sandunan ɗaga dabbar suke yi maimakon su zauna mata. Tambayata ita ce, wanda ba shi da sikelin manyan motoci a kusa, yaya zai auna nauyin bakin?

Baba_Idi_Houston

Wa alaikumus salam, ɗana. Ga ƙaramar tirela, sikelin awon mutum ya isa. Ka datse tayoyin tirelar da duwatsu a wuri mai shimfiɗe. Ka samu katako mai kauri, ka ɗora gefe ɗaya a kan bulo, ɗaya gefen a kan sikelin, da guntun bututun ƙarfe a ƙarƙashin kowane gefe, tsakanin bututun biyu santimita 90. Ka sauke bakin tirelar a kan katakon santimita 30 daga bulo, wato 60 daga sikeli, tirelar tana kwance daidai tsayin da take zama a bayan mota. Abin da sikeli ya nuna, ka ninka shi sau uku. Sannan ka kula da birki: tirelar da ba ta da birkin kanta, littafin Hilux ya tsayar da ita a kilo 750, kuma tankin lita 1,000 ruwansa kaɗai kilo 1,000 ne. Tankin da bai cika ba ya fi cikakke wahalar ja, domin ruwan yana gudu gaba da baya yana canza nauyin bakin a kowane birki.

Dan_Damagaram_Bronx

Ina so in koma kan laba 10,000 ɗin nan. Wannan adadi shi ne ƙarshen aji na biyu a rabe-raben motoci na Amurka, daga 10,001 an shiga aji na uku. Aksil na bayansa an rubuta masa 6,000, yanzu kuma 4,460 ne a kansa. A ra'ayina iyakar aksil da ta taya su ne na ƙarfe da roba, shi kuwa GVWR a wannan ajin ya fi kama da iyakar takarda.

Ummu_Hanifa_Dallas

Ko da a ce haka ne, Malam, mutumin nan motocin mutane yake ɗauka da inshorar kasuwanci. Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, takardar ƙofa za a karanta, ba ra'ayin ɗayanmu ba. Ni ba zan ba shi shawarar ya wuce ta ba.

Sani_Columbus

Na bi shawarar Malam Hamza a wurin sikelin kafin in wuce. Na sa Highlander a gaba, na matso da su biyun, na sake awo: gaba laba 4,440, baya 5,300, tayoyin tirela 10,780. Idan na fahimci lissafin Malam Nura, nauyin baki ya zama 1,480, wato kashi 12. Na je Baltimore ta babban titin I-70, na bi tuddan yammacin Maryland, tirelar ba ta kaɗa ba ko da manyan motoci suka gifta. Amma sitiyarin har yanzu bai kai nauyin da na saba ji ba, kuma laba 260 ne kawai suka rage mini kafin 10,000.

Injiniya_Bala

Lissafinka daidai ne, kuma lambobin sun nuna gaba ya rasa laba 520. A wurina wannan shi ne gurbin mahaɗi mai raba nauyi. Ka zaɓi sandunan da aka rubuta musu aƙalla laba 1,500. Wajen daidaitawa, ka auna daga ƙasa zuwa leɓen bodin da ke saman tayar gaba sau uku: babu tirela, da tirela babu sanduna, sannan da sanduna a ɗaure. Wasu litattafan motoci sun ce a mayar da rabin abin da hancin ya ɗaga, wasu sun faɗi wani adadi dabam, don haka ka bi na motarka, amma kada hancin ya sauka ƙasa da yadda yake babu tirela. Kafin ka saya, ka tambayi maƙerin tirelar ko firam ɗinta ya yarda da sanduna, ka tabbatar birkinta na lantarki ne, domin wasu mahaɗan ba sa tafiya da birkin da ke aiki da turin tirela. Ka karanta takardar da ke jikin bakin mahaɗin motarka mai inci 2.5, ka kuma guji sa masa hannun riga don ya karɓi ƙarfe mai inci 2, domin sau da yawa hakan yana rage iyakarsa. Shi kansa mahaɗin yana da nauyi, zai ci wani abu daga laba 260 ɗin, ko da yake sandunan za su mayar da wani ɓangare kan tayoyin tirela.

Hamza_Baltimore

Ni a nan na ɗan bambanta da Injiniya. Mai jan gidan tafi-da-gidanka lodinsa kusan ɗaya ne kullum, ya daidaita sanduna sau ɗaya ya huta. Mu yau Corolla biyu ne, gobe Sienna da RAV4, jibi mu dawo babu komai. Sandunan da aka ɗaure don laba 1,480 sun yi tsauri ga tirelar da ba ta da kaya, suna rage wa tayoyin baya riƙo, kuma a wuraren gwanjo masu ramuka da gangara dole a kwance su. Ni na zaɓi ƙarfen mahaɗi mai agogon awo a jikinsa, irin na Weigh Safe, ina kallon allurar yayin da ake matsar da mota, in tsaya a kashi 11 ko 12, in kuma riƙe mil 62 zuwa 65.

Baba_Idi_Houston

Kowanne ka zaɓa, Malam Sani, ka ba tayoyin baya iskar da takardar ƙofa ta faɗa don cikakken lodi, ka auna su da safe suna sanyi, ka kuma san inda maɓallin birkin tirela yake ba tare da ka kalle shi ba. Idan ta fara kaɗawa, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka matsa birkin tirelar ita kaɗai da hannu. Kafin damina ta wuce a shiga ƙanƙara, ina so ka warware batun laba 520 ɗin da gaba ya rasa.

Sani_Columbus

Na gode, Baba. Na aika wa maƙerin tirelar tambaya game da firam ɗin, ina jiran amsa. Malam Hamza, a lodin da motar gaba ta fi Highlander nauyi, misali Sequoia ko Tundra, kana iya tsayawa ƙasa da laba 1,700 a baki da mota ta biyu a bayanta, ko kuwa irin wannan ita kaɗai kake ɗauka?